Tsibirin Gore da Tikitin Dawowa

Mu mutanen Matamaye ba mu saba da tafiyar hutu ba. Idan ma'aikaci ya karɓi konjensa na shekara, gona ce take cinye shi, ko bikin ƴar ƙane, ko gyaran katangar da damina ta kayar. Ɗan kasuwa kuwa bai ma san kalmar ba. In ka gan shi a hanyar Ɗan Barto ya nufi Daura ko Kano, to kaya zai saro. In an ce ya sauka Kwatano ko Lome, to kayansa ne suka iso tashar jiragen ruwa. Yana iya yin kwana 10 a Kwatano bai tsoma ƙafarsa cikin teku ba, domin idonsa yana kan takardun duwan. Tafiya a wurinmu sai da dalili: fatauci, neman ilimi, neman magani, ta'aziyya ko aikin hajji. Wanda ya ce zai kashe kuɗin mota don kawai ya zauna bakin ruwa yana kallon taguwa, sai a dube shi a yi masa addu'ar samun sauƙi.

Duk da haka, ya ku masu karatu, akwai wani wuri guda da na yi shekara fiye da 40 ina komawa, ba ciniki, ba aiki, ba ɗan'uwa na jini. Sunansa Gore. In na faɗi sunan a majalisa, sau da yawa sai a zaci Gure nake nufi, ta gabas da Damagaram, har wani ya tambaye ni abin da na ajiye a ƙasar Muniyo. Sai na ce a'a, wannan Gore ɗin ruwa ne ya kewaye shi ta kowace fuska.

Ɗan tsibiri ne cikin tekun Atalantika, daura da birnin Dakar na ƙasar Senegal. Tsakaninsa da tashar jiragen ruwan Dakar wajen kilomita 3 ne, tafiyar minti 20 a jirgin da suke kira shalup. Tsawonsa bai wuce mita 900 ba, faɗinsa kuwa mita 300 da ɗoriya, mai sauri yana iya ratsa shi kafin shayi ya nuna. Mazaunansa ba su kai 2,000 ba, wato wata unguwar Matamaye ta fi shi jama'a. Babu mota ko guda, babu kwalta, sai lunguna masu rairayi tsakanin gidajen dutse masu bene, an shafe su da ja da rawaya, furanni sun haye katangu sun leƙo waje. Daga kudu akwai tudun baƙin dutse da ake kira Kastel, hanyar hawansa tana da kukoki a jere kamar ka shiga tsohon kufai a ƙasarmu, a samansa kuma manyan bindigogin zamanin Faransa suna kwance suna tsatsa. Turawan Fotugal ne suka fara sauka wurin a 1444, Holandawa suka riƙe shi suka ba shi sunan da ya zama Gore, Faransawa suka ƙwace shi a 1677. Wolofawa kuwa Ber suke ce masa. A 1978 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Na fara taka shi a ƙarshen 1979, ina ɗan shekara 22, sabon ɗalibi a makarantar likitocin dabbobi ta Dakar, wadda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka haɗu suka kafa. Kafin wannan rana, babban ruwan da na sani shi ne kogin Kwara daga kan gadar Yamai, sai tafkunan fadamarmu idan damina ta yi albarka. Da shalup ya fita daga tasha, tsallaken ya ɓace ta wajen kudu, sai na riƙe ƙarfen jirgi da hannu biyu, abokaina suna dariya. Da muka sauka na ɗebi ruwan da tafin hannu na kai baki, na tofar. A daren na rubuta wa mahaifina wasiƙa, shi da ya ƙare rayuwarsa yana ban-ruwan rake da albasa a fadama. Na ce: «Baba, na ga ruwan da ba shi da tsallake, amma ko tunkiya ba ta sha.» Bayan wata guda amsa ta iso da rubutun mushen lakwal ɗin unguwarmu, wanda yake yi masa wasiƙu. Bayan gaisuwa da labarin farashin gyaɗa, ya rufe da cewa ruwan da ba ya shayar da rake, kallo kawai ya dace da shi, in yi kallona in dawo.

Kallon na yi, shekara biyar, kusan kowace Lahadi da kuɗin bursu suka bari. Mu biyar ne: ni, da ɗan Cadi, da ɗan Togo, da ɗan Benin, da wani Bamoshe daga ƙasar da a lokacin ake kira Volta, Burkina Faso ta yau. Akwai wata tsohuwa bazawara a wani lungu bayan coci, wadda take dafa mana cebujen, wato shinkafa da kifi da kayan lambu, ta zuba a faranti guda mu zagaye shi. Inna nake ce mata, har sauran suka ɗauka. Ba ta jin Hausa, Wolofancina kuma bai wuce gaisuwa da ciniki ba, sai mu haɗu a Faransanci irin na kasuwa. In ta ga ina tsince ƙayar kifi kamar mai tsintar aya cikin tsakuwa, sai ta jawo farantin ta ɓare mini tsokar da hannunta, ta ce ɗan rairayi bai iya cin arziki ba. Bayan abinci sai shayi, kofi uku kamar namu, sai zoɓo mai sanyi da suke kira bisap, ko kunun ƴaƴan kuka. Da la'asar mu gangara ɗan bakin ruwan da ke kusa da matsayar jirgi, inda yara suke nutso suna kamo kwabban da fasinjoji suke jefawa. Gab da babbar salla kuwa, sai ka ga samari sun jawo raguna cikin teku suna wanke su da sabulu, mu ɗaliban dabbobi muna gardama a kan ko ragon Senegal ya kai balaminmu. Magariba takan same ni a masallacin dutse da ke gindin Kastel, wanda aka gina a 1890, taguwa tana dukan bangon ƙasa da shi har liman yakan ɗaga murya. Daga nan sai gudun kada shalup ya bar mu.

Wata rana wani dattijo maƙwabcin Inna ya ji an ce ni ɗan Nijar ne. Ya kama hannuna ya kai ni gaban wani tsohon gini, ya ce: «Ɗana, gai da gidan kakanninku.» Ginin makarantar William Ponty ne, wadda Faransawa suka dawo da ita Gore daga Saint-Louis a 1913, ta zauna nan har ƙarshen shekarun 1930 kafin a mai da ita Sebikotan. A cikinta ake horar da malaman lakwal da akawuna da masu shirin karatun likita na dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Ta nan Bubu Hama ya bi ya zama malamin lakwal na farko ɗan Nijar a 1929, shi da ya shugabanci majalisar dokokinmu har 1974. Ta nan Jori Hamani ya bi, shugaban ƙasarmu na farko. Haka Houphouët-Boigny na Kodibuwa, da Modibo Keita na Mali, da Hubert Maga na Dahome. Ranar da na tsaya gaban ginin, Jori yana tsare a Damagaram tun juyin mulkin Afrilun 1974, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba daga ƙofar gidanmu. Na yi ta duban tagogin ina tunanin yaro daga ƙauyen Tera ko Dogondutsi da aka ɗauko tun kafin a san kwalta, aka ajiye shi kan wannan dutse, ba mai jin harshensa. Ku ma'aikata da ke karanta wannan shafi, aikin gwamnatin da muke ci yana da saiwa guda a tsibirin nan, ko mun sani ko ba mu sani ba. Tun daga ranar na daina jin kaina baƙo a Gore.

Bayan na gama karatu na kama aiki, sai na ɗauki al'adar tara ƴan kuɗi shekara biyu ko uku, in konje ya zo in tafi. Zamanin Air Afrique ne, kamfanin jiragen sama da Nijar take cikin ƙasashen da suka kafa shi a 1961. Daga Matamaye zuwa Yamai kusan kilomita 900 a mota, daga Yamai jirgi ya sauke ka Yof kafin rana ta faɗi. Babu canjin kuɗi, domin jikar da kake sayen rake da ita a tashar Matamaye ita ce kake sayen kifi da ita a Gore, babban bankin da yake fitar da ita ma a Dakar yake zaune tun 1978. Inna tana da ɗaki guda a bene mai taga ta fuskar teku. Nakan yi kwana 7 ko 10. Ba na yin kome sai barci da karatu da tafiya a ƙafa. Wanda ya yi shekara yana bin garken shanu da allurar rigakafi cikin ƙurar bazara, shi ya san darajar iskar da ba ta ɗauke da ƙasa.

A 1988 na tafi da uwargida. Ita ce ta tsayar da ni a kan abin da na saba wucewa. A gabashin tsibirin akwai gidan da ake kira Gidan Bayi, jan gini mai matakala biyu da suka lanƙwasa kamar ƙahonnin sa. Sama ɗakunan masu gida ne masu faɗi da iska, ƙasa kuwa ƴan kurkuku ne masu duhu da danshi. A ƙarshen wani siririn zaure akwai ƙofa da take buɗewa kai tsaye kan duwatsu da teku, ita ake kira ƙofar da ba a dawowa. Mai kula da gidan a lokacin, Bubakar Yusufu Njai, wanda Faransawa suke rubutawa Boubacar Joseph Ndiaye, mutum ne mai murya da iya zance, yakan ɗaga sarƙar ƙarfe yana bayani har Turawa su sunkuyar da kai. Na sha jin sa tun ina ɗalibi. Uwargida ta saurara har ƙarshe, ta ƙi a ɗauke ta hoto a bakin ƙofar. Da muka fito muka zauna a inuwa, ta daɗe ba ta ce uffan ba, sa'an nan ta ce: «Malam, ashe nan kake zuwa shan iska?»

Ban sami amsa a ranar ba. Ita kuwa ta ci gaba da ba ni labarin kakarta, wadda takan ce a ƙuruciyarta ba a aiken yaro itace shi kaɗai, saboda mahara. Ta ce in dai wannan ƙofa ce ta sa mutane suke kuka, to ai mu ma muna da irinta, sai dai tamu ba a sa mata katako ba.

Gaskiya ta faɗa. Masana tarihi sun daɗe suna gardama a kan Gidan Bayi. Da yawansu suna ganin gidan wani iyalin attajirai ne na ƙarshen ƙarni na 18, irin gidajen matan nan ƴan kasuwa masu dukiya da ake kira sinyar, kuma bayin da suka fita ta Gore ba su kusa da miliyoyin da ake ambata wa baƙi ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, wajen mutum miliyan 12 da rabi aka loda a jiragen ruwa daga gaɓar Afirka zuwa nahiyar Amurka, kuma an saye an sayar da mutane a Gore har Faransa ta hana bauta a 1848. Hausawan da wannan masifa ta ci ba ta Senegal suka bi ba. Kudu aka gangara da su, aka fitar da su ta Ikko da Wida da Porto-Novo, garuruwan da ƴan kasuwarmu suke ratsawa a yau. Da yawansu Bahiya ta ƙasar Barazil aka kai su, inda tarihi ya rubuta yunƙurin tawayensu a 1807 da 1814, ya kuma ambace su cikin tawayen bayi musulmi na 1835. Ɗaya ƙofar kuwa arewa take duba. Ayarin da yake tashi daga Kano ya yada zango a Damagaram, ya bi ta Agadas da Gat zuwa Tarabulus, ba fatu da gashin jimina kaɗai yake ɗauke da su ba. Sarakunanmu da attajiranmu sun ci ribar wannan ciniki, kuma sai a 2003 Nijar ta sa hukuncin bautar da mutum cikin dokokinta na laifuffuka. Wanda ya je Gore ya zagi Bature kawai ya dawo, rabin karatun ya yi.

Tun daga wannan tafiya hutun nawa ya sake launi. Ban daina jin daɗin wurin ba, domin mutanen Gore da kansu a nan suke haihuwa da aure, ƴaƴansu suna wasan ƙwallo a dandali, ƴan matan makarantar Mariama Ba, wadda ake zaɓo hazikan Senegal ana kawowa, suna wucewa da littattafansu. Amma na riƙa shiga gidan nan sau ɗaya a kowace zuwa, in tsaya a bakin ƙofar, in juya in fito da ƙafata ta inda na shiga.

Sai hanya ta fara tsawo. Ranar 11 ga Janairun 1994, a Dakar ɗin nan da ake hange daga Kastel, aka sanar da karya darajar sefa: faran guda na Faransa da yake sefa 50 ya koma 100. Duk wanda ya yi aikin gwamnati a shekarun nan ya tuna yadda albashi yake makara wata da watanni, ya zo kuma bai sayi rabin abin da yake saye ba. Tikitin jirgin sama ya fi ƙarfin irina. A 1997 na yi ƙoƙari na bi ta ƙasa: mota daga Yamai zuwa Wagadugu, zuwa Bobo, zuwa Bamako, sa'an nan jirgin ƙasa na fiye da kilomita 1,200 ta Kayes da Tambakunda da Ces. Na isa Dakar kamar an tono ni daga rami, na tarar Inna ta tsufa ƙwarai, jikarta ce take girki. Ta shafa kaina ta ce furfura ta riga hankali zuwa. Ganinmu na ƙarshe ke nan. A 2002 Air Afrique ta durƙushe, daga baya jirgin fasinja tsakanin Bamako da Dakar ma ya daina tafiya. Wasiƙu tsakaninmu mu biyar suka yi ta raguwa. Ɗan Cadi ya rasu, sai bayan shekara biyu na ji. Yara suka girma, kuɗin lakwal da na aure suka cinye asusun tafiya. Na yi shekara 25 ban ga teku ba.

A cikin waɗannan shekaru ne abin da ba za mu manta ba ya auku. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin sahara, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu daga gundumarmu ta Kance suka fito. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana 3. Mu a nan ba a rediyo muka san su ba. Na je ta'aziyya a wani ƙauye inda na saba yi wa awakinsu allura, na tarar da gida mai ɗaki huɗu, tsoho guda yana karɓar gaisuwa. Dalilin tafiyarsu ba ɓoyayye ba ne: ƙasarmu tana cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki 20 suke rabawa, hatsi yana ƙarewa tun kafin bazara, an kuma ji cewa a Tamanrasat mace da yara suna samun sadaka. Ba wanda ya sa musu sarƙa, bai kuwa dace a haɗa su da bayi ba, da ƙafarsu suka hau mota suna sa ran alheri. Amma a zaman makokin nan maganar uwargida ta dawo mini, ta ƙofar da ba a sa mata katako ba. Tun daga ƙarshen 2014 ayarin motoci suka riƙa dawo da ƴan Nijar daga Aljeriya, da yawansu mata da yaran yankinmu, wasu kuma su huta kaɗan su sake komawa.

A 2022, bayan na yi ritaya, babban ɗana ya biya mini tafiya, na ɗauki jikata ƴar shekara 12. Jirgi ya sauke mu a sabon filin da aka buɗe a Jas a ƙarshen 2017, mai sunan Blaise Diagne, haifaffen Gore a 1872, baƙar fata na farko daga Afirka da aka zaɓa ɗan majalisar Faransa a 1914. Dakar ta cika ta batse, gidaje sun haɗe tun daga nesa, ga sabon jirgin ƙasa na lantarki yana shiga tsohuwar tashar da na sauka a 1997. A wurin sayen tikitin shalup kuɗi kashi-kashi ne: na mazaunin ƙasa daban, na ɗan Afirka daban, na baƙon wata nahiya daban. Na miƙa takardunmu aka ba mu na ƴan Afirka.

Gore yana nan, kuma ya sake. Gidan Inna ya zama masaukin baƙi mai allo a ƙofa, an sa na'urar sanyi a ɗakin da nake kwana, mai tsaron bai san sunanta ba. Bubakar Njai ya rasu a 2009, samari ne suke bayani, baƙi suna bin layi don ɗaukar hoton kansu da salula a bakin ƙofar. Masu sayar da zane da tsakiya sun jeru tun daga matsayar jirgi har saman Kastel. Dandalin da a dā ake kira na Turai, a 2020 majalisar garin ta sake masa suna zuwa Dandalin Ƴanci da Mutuncin Ɗan Adam. Teku yana cin gaɓa a hankali, wasu tsofaffin gine-ginen gwamnati sun tsattsage, ciyawa ta fito a tagoginsu. Amma kukokin suna tsaye, yara suna nutso, ƙamshin kifi da tumatir yana fitowa daga lunguna da azahar, kiran salla yana gauraye da ƙarar taguwa kamar dā. Na kai jikata gaban tsohuwar William Ponty na faɗa mata sunayen waɗanda suka zauna ciki. Ta ɗanɗani ruwan teku ta tofar, ta dube ni kamar ni na zuba gishirin.

A Gidan Bayi ta riƙe hannuna gam. Da muka fito ta tambaye ni ko mu ma za a iya hana mu fita daga tsibirin. Na zaro tikitin na ba ta ta karanta. Ta ce: «Kaka, an rubuta zuwa da dawowa.» Na ce haka ake sayar da shi tun ina ɗalibi, wanda ya biya kuɗin shiga Gore ya biya na fita. Ta ninke shi ta sa cikin aljihunta, ba ta mayar mini ba sai a bakin jirgi.

Amsar tambayar da uwargida ta yi mini a 1988, wadda ban samu ba sai bayan ta riga mu gidan gaskiya, tana cikin wannan ƴar takarda. Abin da yake sa zama a Gore ya yi mini daɗi shi ne sanin cewa akwai shalup na yamma, akwai albashin da zai kai ni gida, akwai gidan da yake jirana da hatsi a rumbu. Cire waɗannan, sai tsibirin ya koma dutse cikin ruwan da ba a sha. Ɗalibin William Ponty ya zo ya koma ya zama mushe, wanda aka fitar ta ƙofar teku bai koma ba, matar Kance ta tafi da niyyar komowa sahara ta riƙe ta. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, gaskiya ne, amma ilimin sai matafiyi ya dawo ake amfana da shi.

Don haka ina da roƙo biyu ga masu karatu. Na farko, wanda aiki ko fatauci ya kai shi Dakar, ya ware yini guda ya hau shalup. Wanda yake bin hanyar Kwatano zuwa Lome, ya tsaya Wida, ita ma tana da tata ƙofar a bakin teku. Gani ya kori ji, kuma kuɗin ba su kai na turmin atamfa ba. Na biyu ya fi nauyi. Mu da Allah ya ba albashi ko jari, mu ne muke da ikon sa wa tafiyar wasu tikitin dawowa. Attajirin da ya haƙa rijiyar burtsatse a fadama ya ba mata goma filin noman rani, ko ya ɗauki samari biyar a shagonsa, ya rage fasinjan motar Arlit. Ma'aikacin da ya sa hannu a takardar tallafi ya tabbatar ta isa ƙauyen da aka rubuta, shi ma haka. Fadamun Matamaye suna da ruwa kusa, ruwan da yake shayar da rake, abin da Gore da duk tekunsa ba su da shi.

Mun dawo ta Yamai, muka kwana a hanya, washegari da la'asar mota ta karya kwana a Takeita ta fuskanci kudu. Kaka ce, an yanke gero an jera dammuna a gonaki, iska tana ɗauke da ƙura da ƙamshin harawa. Jikata tana barci da ƴar kwalbar da ta cika da rairayin Gore a cinyarta. A tasha masu rake suka kewaye motar, wani ya gane ni ya ce: «Likita, sannu da hanya, an dawo lafiya?» Na ce lafiya lau, na sayi sanda biyu.

Allah ya kai matafiya inda suka nufa, ya kuma dawo da su ga iyalansu.